Amsa ga Dakta kan gwajin maganin da ake sauya wa tsari ana tsaka da aiki

Dakta, ka tambaya ko kwamitinku na ɗa'ar bincike a Bauchi zai iya amincewa da gwajin maganin zazzaɓin Lassa da ya ba da damar ajiye wani magani, ko sauya rabon marasa lafiya, ana tsaka da aiki. Wallahi abin da ke hana ka barci shi ke hana duk mai sa hannu a irin waɗannan takardu.

Za ku iya, da sharaɗin kowane sauyi yana rubuce tun kafin a ɗauki mutum na farko: sau nawa za a duba sakamako, wa zai duba, me zai sa a tsaya. In aka leƙa sau 5 ba a tsaurara ma'auni ba, haɗarin a ce magani yana aiki alhali ba ya yi yakan tashi daga kashi 5 zuwa wajen 14 cikin ɗari. Kuma kwamitin sa ido mai zaman kansa kaɗai zai leƙa. Likitan da ya gane inda ƙuri'ar raba wa marasa lafiya magani ta karkata, zaɓen waɗanda zai sa a gwajin zai fara.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne gwajin ECMO, na'urar da ke yi wa jariri aikin huhu da zuciya, na Michigan a Amurka a 1985. Ƙuri'ar tana karkata ne zuwa ga hanyar jinyar da ta yi nasara. Jarirai 12 ne, ɗaya tak ya samu kulawar da aka saba, ya rasu, 11 suka rayu da na'urar. Jariri ɗaya ba hujja ba ne, likitoci ba su gamsu ba. Sai da aka sake wani gwajin a Birtaniya da jarirai 185, aka fitar da sakamako a 1996. Ka duba iyayen da aka sake sa 'ya'yansu a ƙuri'a saboda tsarin farko ya yi gaggawa!

Don Allah kar ku bari takardar yarda ta tsufa. A gwajin Ebola na Kongo an daina ba da magungunan ZMapp da remdesivir a Agustan 2019. Daga irin wannan ranar tsohon bayani ba ya aiki. A sabunta shi da Hausa, a karanta wa wanda bai iya boko ba a gaban shaida, a gaya wa na kan gado abin da ya sauya. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba.

Ka kuma tambayi masu binciken yadda za su kwatanta wanda ya zo a tsakiyar rani, asibiti cike, da na damina. Sauyin da ba ya cikin rubutaccen tsari kuwa, sai ya koma gabanku da NAFDAC kafin a aiwatar.