Zoɓona ya yi kumfa, ina kuskuren?

Tambaya: Malama, karon farko ke nan na dafa zoɓo. Kwana biyu robobin suka kumbura, ya yi tsami yana kumfa. Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, yis ne ya shiga, daga ɗanyen ɓawon abarba ko robar da ba ta wanku ba. Yana cin sukari ya fitar da iska da barasa, yadda ake yin giya ke nan. Zafin Sakkwato kuwa, da kan haura digiri 40 a Afrilu, yana hanzarta shi. Wannan kam ki zubar.

Nan gaba ki tafasa ɓawon da citta tare da zoɓon, minti 15, ki zuba sukari tun da zafinsa. Ya huce, sai firij. Idan babu wuta, a sa ƙanƙara a shanye ranar.