Amsa ga mai tambaya kan masu kiɗan space rock da ke sake rera waƙoƙin prog

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yana da amfani mutum ya saurari ƙungiyar space rock tana sake buga tsofaffin waƙoƙin progressive rock (prog a taƙaice), ko kuwa gara ya tsaya ga na asali. Na daɗe ina sauraron waɗannan kiɗe-kiɗe biyu, kuma ina ɗan taɓa jita, don haka bari in faɗa maka abin da kunnena ya koya mini.

Da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, saboda duka a Ingila suka tashi a ƙarshen shekarun 1960, kuma duka suna da dogayen waƙoƙi. Amma gininsu ya sha bamban. Waƙar prog a tsare take tun daga farko: sashe ya zo ya wuce, kari ya sauya, a tsaya cak, a sake tashi tare. Ka saurari tsakiyar waƙar 21st Century Schizoid Man ta ƙungiyar King Crimson, ta 1969, inda jita da saksofon da ganguna ke gudu tare suna tsayawa tare, ko Close to the Edge ta ƙungiyar Yes, ta 1972, wadda ta haura minti 18. Shi kuwa space rock, irin na ƙungiyar Hawkwind da Dave Brock ya kafa da abokansa a Landan a 1969, kari ɗaya yake kamawa ya yi ta maimaitawa, jitar bes da ganga su riƙe ƙasa, sintesaiza, wato na'urar haɗa sauti ta lantarki, tana shawagi a sama, har mai sauraro ya manta da lokaci. Faifan Hawkwind mai suna Space Ritual na 1973 haka yake daga farko har ƙarshe. Wanda ya saba da kiɗan jita na Agadas ba zai ji wannan a matsayin baƙon abu ba.

To a nan ne gizo ke saƙar. In masu maimaita kari suka ɗauki waƙar da ba ta zama wuri ɗaya, dole ɗaya ya bar wa ɗaya hanya.

Misali biyu nake riƙe da su. Nektar, Turawan Ingila ne da suka haɗa ƙungiyarsu a Hambug ta Jamus a 1969, kuma faifansu na farko a 1971 labarin tafiya sararin samaniya ne. A 2012 suka fitar da A Spoonful of Time, inda suka sake buga waƙoƙin wasu, har da na ƙungiyoyin Pink Floyd da Rush da Alan Parsons Project, tare da manyan baƙi irin su Rick Wakeman da Steve Howe, waɗanda suka yi suna a Yes. Na saurare shi da ɗoki, domin ina girmama marigayi Roye Albrighton, mai jita kuma mawaƙin Nektar, matuƙa. Hannayen ƙwararru ne, babu inda za ka ce an yi kuskure. Sai dai sun bi sawun na asali ƙafa da ƙafa, har na riƙa neman Nektar ɗin da na sani ban same su ba sai jefi-jefi. Ina gama ji, zuciyata ta koma wa tsofaffin faifan, kuma wannan a wurina alama ce cewa aikin bai tsaya da ƙafarsa ba.

The Flaming Lips na Oklahoma a Amurka kuwa, a ƙarshen 2009 suka ɗauki The Dark Side of the Moon gaba ɗayansa, faifan Pink Floyd da aka san shi da tsabtar sauti tun 1973, suka dagula shi da gangan. Bes mai ƙura, murya ta bi ta na'ura ta fito kamar ta mutum-mutumi, mawaƙi Henry Rollins yana karanta maganganun da ke tsakanin waƙoƙi. Masoyan Pink Floyd da dama sun ji haushi. Ni ma ba kowane sashe nake so ba, amma ban taɓa jin cewa kwafi nake saurare ba. Sun yi ƙarfin halin mallakar waƙoƙin, kuma abin da nake nema ke nan.

Saboda haka ka fara da na asali, ka saurare shi har kunnenka ya san inda kowane sauyi yake, in ba haka ba ba za ka gane abin da aka cire ko aka ƙara ba. Sannan ka lura ko ƙungiyar ta sami wani ɗan kari a cikin waƙar ta zauna a kansa, ta shimfiɗa shi. Waƙoƙin Pink Floyd na farko, irin su Set the Controls for the Heart of the Sun ta 1968, sun fi karɓar wannan, don dama a kan maimaitawa aka gina su. Na Yes da Genesis kuwa suna da wuyar lanƙwasawa, in ka cire sauye-sauyensu kusan ka cire waƙar. Kuma don Allah ka yi amfani da abin saurare na kunne mai kyau, lasifikar waya tana haɗiye bes, alhali a kansa rabin wannan kiɗa yake tsaye.