Tambaya da Amsa: Kontenata ta kwana 52, kullum sai a ce min tana duwan

Tambaya: Assalamu alaikum malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne nan Maraɗi, kayan gini nike saidawa. Na yo odar karo na daɓen ɗaki daga Chana kontena guda 'yar ƙafa 20, jirgi ya sauke ta Lome yau kwana 52 kenan, kullum in na kira taranziter ɗina, wato mai fidda min kaya, sai ya ce Alhaji haƙuri kayan na duwan, kayan na duwan, har na gaji da jin kalmar. Da can lokacin da muke bi ta Kwatano wlh ban taɓa wuce sati uku ba. Masu gini sun ba ni abans suna ta zarya shago. Don Allah kwana nawa ya kamata a ce an fidda kaya, ko dai cutata ake? Daga wani mai karatu, unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya fidda kayan lafiya. Ba kai kaɗai ba ne, wannan watan wasiƙa huɗu na samu kan magana guda. Abin da zan fara ce maka shi ne wannan kalma ta "kaya na duwan" bargo ce da ake lulluɓe abubuwa da yawa da ita, kuma sau tari in ka yaye bargon sai ka tarar kayan ko ƙofar duwan ba su kai ba. In takardu sun cika, an shigar da deklarasiyo, wato takardar bayyana kaya ga duwan, an biya kuɗi, aikin duwan shi kansa na 'yan kwanaki ne, ba ya cin wata biyu. Don haka kafin ka ce an cuce ka ko ba a cuce ka ba sai mun gano a ina takamaimai kontenar take tsaye yau.

Wuri na farko tashar jirgin ce. Kamfanin jirgi ba ya sakin kontena sai an kai mishi konesma, wato takardar da ke nuna kai ne mai kayan, ko kuma wanda ya sayar maka ya aiko da izinin saki daga can Chana. To shi kuma Bacanishe in akwai cikon kuɗinsa da ba ka tura ba, ko dala ɗari ce, riƙe takardar yake yi. Bara na zauna shagon wani abokina nan bakin babbar kasuwa yana ta faɗa cikin waya irin naka, na ce ba ni shi, na tambayi taranziter ɗin lambar deklarasiyo, sai ya yi shiru, can ya ce ai ba a shigar ba tukuna. Da muka bi diddigi ashe konesma ce ba ta zo ba saboda wani ɗan ciko da yaron shago ya manta bai tura ba, shi kuma taranziter kunya ko tsoro ya hana shi faɗa ma Alhaji gaskiya, sati uku cur kaya na zaune ana cewa duwan. Akwai kuma takardar bin sawun kaya ta CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, da ake ce ma BSC, ita ma gara a yi ta tun kaya na kan ruwa, in aka bari sai jirgi ya iso to an ƙara kwanaki.

Kuma zaman tasha ba kyauta ba ne, nan ne abin ke ci min rai. Kamfanin jirgi na ba da wasu kwanaki kyauta, da sun ƙare sai kuɗin jinkirin kontena ya fara hawa kullum, ga na ajiya a tasha shi ma daban. Yau ɗin nan ka tambaya kwana nawa aka ba ka kyauta kuma yaushe suka ƙare, a turo maka a rubuce, kar sai ranar fitarwa a ajiye maka faktir ɗin da za ta cinye ribar karon gaba ɗaya.

Na biyu hanya, kuma ina kyautata zaton nan taka take. Kayan da za su zo Nijar ba a Lome ake biya musu kuɗin duwan ba, wucewa kawai suke yi a taranzit, a sa musu hatimi, a ajiye kuɗin lamuni, sai sun iso gida a yi lissafi. Da can daga Kwatano mota za ta miƙe arewa kilomita 700 da wani abu zuwa Malanbil, bakin iyakar Benin, ta haye gada ta shigo Gaya, Dosso, Dogon Dutsi, Konni, sai ga ta Maraɗi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO gadar nan ta rufe, an ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 amma ɓangarenmu bai buɗe ba, shi ya sa kaya suka koma Lome. Daga Lome sai mota ta ratsa Togo duka har Sinkase, ta shiga Burkina Faso, ta bi ta garin Kaya da Dori ta faɗo Tera, sannan Yamai, sannan a ƙara kilomita sama da 600 kafin Maraɗi. Wannan yanki na Kaya zuwa Dori zuwa Tera ba a binsa kai kaɗai saboda matsalar tsaro, sai an tara motoci ɗaruruwa sojoji sun raka su, kuma ba a sanar da ranar tashi, to in motarka ta iso ayari ya riga ya ɗaga sai ta zauna jiran na gaba, sati ya wuce wani ya shigo. Wannan ba laifin taranziter ba ne ba kuma na ma'aikacin duwan ba. Direbobin nan su ma abin tausayi ne, duk wanda ya taɓa ganinsu sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tirela da 'yar butar shayi da garwashi cikin zafin Afrilu, guzuri ya ƙare, ya san ba don daɗi suke zaune ba. Nemi lambar direban ka kira shi da kanka, shi ba ya da dalilin ɓoye maka garin da yake.

Sai na uku, duwan ɗin na gaskiya. In kaya sun iso taranziter zai shigar da bayanin cikin na'urar SYDONIA, ita ce ke zaɓa ma kaya layi, kore a wuce, ruwan ɗorawa a duba takardu, ja a buɗe kontena a ƙirga. Kuɗin kuwa kan ƙimar kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora ake lissafa shi, kashi 0, 5, 10, 20 ko 35 cikin ɗari gwargwadon irin kayan, ga harajin TVA kashi 19, ga wasu ƙananan haraji. Abin da ya fi riƙe kaya a nan, kuma zan faɗa ko da wasu 'yan uwana 'yan kasuwa ba za su ji daɗi ba, shi ne faktir ɗin da aka rage ma kuɗi. A ce ma Bacanishe rubuta rabi, su kuma ma'aikatan nan kullum karo suke gani sun san farashinsa, sai su ƙi amincewa, a shiga jayayya, a ƙarshe ka biya cikon ka biya tara ga kwanakin da suka tafi. Haka in takarda ta ce kwali 900 aka buɗe aka ga 1000, ko NIF ɗinka, wato lambarka ta biyan haraji, na da matsala wajen masu haraji. Wani lokaci kuma rezo ne ke ɗaukewa a yini ba a yi komai ba, in abin ya faɗo daidai da hutun ƙarshen mako sai Litinin.

To Alhaji ka tura mishi saƙo ta WhatsApp, kar ka kira, don amsar ta zauna a rubuce. Ka ce ya turo hoton takardar fita daga tashar Lome mai kwanan wata, lambar mota da ta direba, da lambar deklarasiyo in har an shigar. In ya turo cikin yini guda to mutumin kirki ne hanya ce ta riƙe ku. In ya fara kwana-kwana, ɗauki kofin konesma ka je wajen wani taranziter mai lasisi ya duba maka da lambar kontenar.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni 'yan kayan mata nike saro, jakunkuna da takalma, kwali shida kacal na sa cikin kontenar haɗaka daga Dubai, an ce ta iso amma an riƙe ta. Mi ya haɗa kwalina shida da riƙewa? Daga wata Hajiya, Tasawa.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Kontenar haɗaka hatimi guda gare ta, in mutum ɗaya cikinku ya cusa magani ko wani abin da ke son izini na musamman bai faɗa ba, ko bai kawo kuɗin kasonsa ba, kowa sai ya jira. Ki tambayi mai haɗakar, kan kayan wa aka tsaya, kuma ko za a iya sauke sauran a magaza a sallami waɗanda takardunsu suka cika, ana yin haka in shi ya nema. Ki riƙe rasit ɗinki da hoton kwalayen mai ɗauke da sunanki, ranar sauke kaya ki tura wani naki ya tsaya a ƙirga shidan a gabansa.