Kafin ka goge wa mutum Windows ɗinsa

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni: "Oga, mutumin nan na Kawo da ya kawo HP yana so a sa masa Linux, yaya za a yi in san komai zai yi aiki kafin in goge Windows?" Na ce ka bari sai da safe, don ba amsar tsaye ba ce.

Irinsa za su yi ta zuwa. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, ita kuma Windows 11 sai na'ura mai TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro a cikin kwamfuta, wanda tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ba su da shi.

Kada ka tsaya duban sunan da ke jikin murfi. Ɗauko filash mai giga 8, ka ɗora masa Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux ne, da Rufus, manhajar ɗora su a filash. Ka kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, ka tayar da ita daga filash ɗin. Za ta buɗe ba tare da ta taɓa kayan mai ita ba. A nan gwajin yake.

Wi-Fi za ka fara dubawa, don nan aka fi shan kunya. Buɗe taminal, tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci, zai jero maka abin da ke cikinta. In ka ga katin Wi-Fi ɗin na Intel ne, hankalinka ya kwanta, direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, na cikin Linux tun asali. In Broadcom ne, sau da yawa sai an sauko masa da direba, ga shi kuma babu intanet ɗin da za a sauko da shi. Sai ka jona wayarka da kebul ka ba ta data. Na sha buɗe kwamfuta biyu iri ɗaya, lamba ɗaya, kati daban, shi ya sa ba na yarda da "ai na taɓa yi wa irinta". Kuma kada ka yi saurin canza katin: wasu tsofaffin HP da Lenovo ba sa tashi in an sa musu katin da BIOS ɗinsu, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, bai sani ba.

Sauti, kyamara, maɓallan haske, Bluetooth, duk minti biyar ne. Wanda yara ke mantawa shi ne barci. Rufe murfin, ƙirga ashirin, buɗe. In ba ta farka ba, ko ta yi ta zuƙar batir tana rufe, da wannan wutar tamu ta Kaduna gobe-gobe mai ita zai dawo.

In wajen saka Linux ba a ga SSD ba, wato ma'ajiyar kayan kwamfutar, bai mutu ba. Shiga BIOS ka mayar da saitin ma'ajiyar daga RST zuwa AHCI, amma ka kwashe masa kayansa tukuna, don Windows na iya ƙin tashi bayan haka. Mai katin hoto na NVIDIA kuwa a Driver Manager na Linux Mint za ka sa masa direban kamfanin. Na'urar zanen yatsa sau da yawa ba ta yi, gaya masa tun kafin a yi ciniki.

Af, ka tambaye shi sana'arsa? In da CorelDraw ko Photoshop yake cin abinci, ba su da na Linux, ko da komai na jikin kwamfutar ya yi aiki. Kira shi ka ji, kafin nan miƙo min filash ɗin can.