Ɗakin da Aka Kulle a Gidan Collins

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina rubuta labari ina sakawa shafi-shafi a WhatsApp, amma kafin a yi nisa masu karatu sun watse. Yayana ya haɗa ni da wani tsohon shirin talabijin na Amurka, Dark Shadows, ya ce in ga yadda ake riƙe mutane. Hoton ba launi, 'yan wasan har mantuwa suke yi, amma na kasa daina kallo. Me ke cikinsa?
Ƙanwarki daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yayanki ya iya zaɓe. Tashar ABC ta fara nuna shirin ranar 27 ga Yuni 1966, aka rufe shi a Afrilun 1971 bayan kashi 1,225, kuma Dan Curtis ne ya ƙirƙiro shi. Mantuwar da kika gani, ai kusan kullum sai sun ɗauki kashi guda, ba lokacin gyara. In ƙuda ya sauka a hancin ɗan wasa, haka za a nuna. Duk da haka yara kan sheƙo da gudu daga makaranta don kada ya wuce su.

Ni abin da ya kama ni shi ne uwar gidan dangin Collins, Elizabeth, wadda Joan Bennett ta fito a matsayinta. Mace mai dukiya, garin Collinsport kansa sunan danginta yake ɗauke da shi, amma shekara 18 ba ta taka ƙofar gida ba. Akwai ɗaki a ƙarƙashin gidan da ta kulle, ba mai shiga. Ba a yi gaggawar faɗa miki dalili ba. Sai dai ki ga fuskarta ta sauya in an doshi wajen. An daɗe kafin a gane ita a zatonta ta kashe mijinta, gawarsa na binne a can. Da aka tono akwatin, wayam! Shekara 18 tana tsaron abin da babu. Wallahi wannan ya fi min duk fatalwowin shirin taɓa zuciya.

Sai Barnabas Collins, a 1967, lokacin da masu kallo suka ragu har ana batun soke shirin. Wani ɓarawo ya je neman gwala-gwalai a makabartar dangin, ya kwance sarƙar da aka ɗaure wani akwatin gawa da ita. Ba a jima ba ga baƙo a bakin ƙofa, cikin ladabi, wai ɗan uwansu ne daga Ingila, kamarsa ɗaya da tsohon hoton da ke rataye a bango. Ki lura da dabarar: ke mai kallo kin san mashayin jini ne da ya fito daga akwatin nan, mutanen gidan kuwa sai maraba suke yi da shi. Duk zaman da zai yi da wata yarinya, cikinki na ɗurar ruwa. Jonathan Frid kuma, wanda ya fito a matsayin Barnabas, ya nuna shi a matsayin mai ƙin halin da yake ciki, har mutum ya rasa tsoronsa zai ji ko tausayinsa. Da aka koma 1795 don nuna asalin abin, ashe kishi ne: Angelique, wadda ya yaudara ya bari, ita ta yi masa asiri.

To ke da kike Katsina, me kika rasa? Tsofaffin gidajen cikin birni, zaure bayan zaure, da ɗakin kaka da ba a buɗe ba tun rasuwarsa, da gwaggon da aurenta ya mutu a kwana bakwai ba wanda ke faɗin dalili. Ki shigo da amarya gidan, ta riƙa tambaya ana kawar da kai. Kada ki yi saurin fito da aljani, ki bar motsin cikin dare ya yi ta aiki. Kuma ki tsaya da shafi daidai inda hannu ya kai ga kwaɗo.

Abu ɗaya ne ban yafe wa shirin ba. Da Victoria Winters aka buɗe shi, marainiya da ta zo aikin koyar da yaron gidan tana neman sanin iyayenta. An yi ta nuna alamar Elizabeth ce ta haife ta, har 'yar wasan ta bar shirin a 1968 ba a faɗa ba. Kada ki yi wa masu karatunki haka. Kafin ki saki shafin farko, ki rubuta abin da ke cikin ɗakin a takarda ki ajiye. In kin yi shafi uku, turo min in duba.