Shin tsayawa a tsare ƙuri'a na canza sakamakon zaɓe?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsayuwar talaka a rumfar zaɓe tana da wani amfani, tunda a ganinka an riga an rubuta sakamako tun daga sama. Tana da amfani, kuma mu mutanen Bauchi shaida ne.

Ka tuna 2007? Lokacin "a kasa, a tsare, a raka". Maza da mata suka ƙi watsewa bayan jefa ƙuri'a, suka bi akwatuna har wurin tattara sakamako, Malam Isa Yuguda na ANPP ya kayar da PDP mai mulki a zaɓen gwamna. Haka a 2019, bayan zaɓen cike gurbi, Bala Mohammed ya kayar da gwamna mai ci, M.A. Abubakar.

Ga yadda abin yake aiki. A rumfa ake ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a, a rubuta a takardar sakamakon rumfa mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Idan mutum 50 sun ɗauki hotonta da waya, wanda zai sauya alƙaluma a mazaɓa ko ƙaramar hukuma sai ya yi tunani sau biyu. A can ɗin ne aka fi yin aika-aikar, da tsakar dare, bayan kowa ya gaji ya tafi gida.

Abin da sa ido ya kasa magancewa, kuma yana ci mini rai, shi ne sayen ƙuri'a. Wanda ya karɓi taliya da atamfa tun jajibirin zaɓe, ƙuri'arsa za a ƙirga ta daidai, a gaban idonka.