Lensin da Za Ka Fara Saya wa GFX Ɗinka

Ɗana, na saurari saƙonka. Ka ce kyamarar Fujifilm GFX 50S II ɗin da ka tara wa kuɗi ta iso hannunka, jiki kawai babu lensi, kana so ka san wanda za ka fara saya, kuma ko tsoffin lensunanka na Canon za su hau kanta. Allah ya sanya albarka. Amma kafin ka tura wa kowa sidi ɗaya, saurara.

Fara da lissafi, don a nan yara ke ruɗewa. Sensar wannan kyamara, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikinta, milimita 43.8 ce a faɗi, 32.9 a tsaye, alhali ta ful firem da ka saba da ita 36 ce da 24. Saboda haka lambar da ke jikin lensi ba za ta ba ka abin da idonka ya saba gani ba. Duk lambar da ka gani, ninka ta da 0.79. A lensunan GF da aka ƙera wa GFX, GF 63mm zai nuna maka kusan abin da 50mm ke nunawa a ful firem, GF 45mm kamar 36mm, GF 110mm kuwa kamar 87mm. Hoton kuma ya fi kusa da murabba'i, 4 da 3, abin da ke yi wa mutum a tsaye da babbar riga da hula kyau ƙwarai.

Na san inda ranka yake: 110mm f/2. Kowa shi yake so, kuma ba laifinsu ba ne, lensi ne na gaske. Fuska tana fitowa a cikinsa tamkar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai dai ka tuna inda muke cin abincinmu. Ɗakin amarya a unguwar Nima ko Mamobi a Accra, ga gado, ga akwatunan lefe, ga ƙawaye cike da ƙofa. Idan kana son amarya ta shiga hoto daga gwaggwaro har takalmi da 110mm, sai ka ja baya kusan mita biyar. Ina za ka samo mita biyar a wannan ɗaki? Da 63mm, abin da bai kai mita uku ba ya ishe ka. Ga nauyi kuma: 110 ɗin ya ɗan haura kilo ɗaya, 63 bai kai rabin kilo ba, kuma kai za ka wuni rataye da shi tun daga ɗaurin aure har kai amarya.

Don haka ni 63mm f/2.8 nake ba ka shawara. Idan aikin da ya fi zuwar maka na taro ne, suna, walima, hoton dangi a tsakar gida, to ɗauki 45mm ko zum ɗin 32-64mm f/4. Yi watanni da guda ɗaya har ka san inda za ka tsaya tun kafin ka ɗaga kyamara. 110 ɗin zai jira ranar da ka samu shago mai tsawo.

Batun buɗe lensi har ƙarshe, wato sa shi a lambar f mafi ƙanƙanta, yi hattara. A f/2, kana tsaye mita biyu daga mutum, abin da zai fito tas bai wuce 'yan santimita ba. Idon ango zai fito, amaryar da ke jingine a bayan kafaɗarsa ta dushe, kuma megafiksel 51 ba ya rufa wa kowa asiri. Mutum biyu, sauka zuwa f/5.6, layi biyu na dangi, f/8 ko f/11. Wanda ya biya kuɗin hoto yana son ganin aikin surfanin da ke wuyan rigarsa da zaren kente ɗaya bayan ɗaya, ba bango mai hazo ba.

Lensunan Canon za su hau da adafta, amma an ƙera su ne don sensa ƙarama. Da yawansu za su bar maka duhu a kusurwa huɗu, musamman masu faɗin gani. Gwada su ɗaya-ɗaya a jikin farin bango, wanda ya rufe sensa ka riƙe shi. Tsoffin lensunan Mamiya 645 da Pentax 645 sun fi dacewa, don an yi su ne domin fim ɗin da ya fi wannan sensa girma, sai dai da hannu za ka riƙa saita su. Jakar Canon ɗin ma kada ka sayar: wannan GFX tana da nawa wajen kama mai motsi, ba ta filin rawa ba ce.

Yanzu ga wurin da nake so ka ajiye wa kuɗi, wato haske. Kyamararka ba ta haɗuwa da filasha a gudun labule, wato shata, da ya wuce 1/125 na daƙiƙa. Ranar Sallah da hantsi, rana ta take, ISO 100 da 1/125 za su tilasta maka f/16. In kana son f/4 da filasha, sai ka rage haske mataki huɗu, ma'ana filtar rage haske ta ND16. Akwai HSS, tsarin da ke barin filasha ta bi gudun da ya wuce wannan, amma yana cinye ƙarfin fitila. Masu kyamarar Hasselblad ba su da wannan damuwa, don labulen yana cikin lensinsu na XCD ɗin kansa, suna kaiwa 1/2000 da filasha; kuɗinsu ne ya saya musu hakan. Kai kuwa sayi filta mai kyau guda ɗaya ta 77mm, ka haɗa da zoben da zai ɗora ta a bakin 62mm na lensinka. Ranar da 110 ya zo, bakinsa 77 ne, ba sai ka sake saye ba.

Sai ƙafa uku mai nauyi, ba irin wadda iska ke kaɗawa ba. Batir NP-W235 aƙalla biyu bayan na ciki, ka san halin dumso, ɗauke-ɗauken wutar lantarki. Memori UHS-II biyu, ka sa kyamara ta rubuta a kan dukansu lokaci guda, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. Hoto ɗaya na RAW, wato ɗanyen fayil, da ba a matse ba ya haura megabait 100, ɗari biyar kenan sun cinye gigabait 50, don haka ma'ajiyar waje ta shiga lissafinka tun yau.

Abin da ya fi kashe lensi a Accra danshi ne da iskar teku. Ka bar shi a jaka cikin kabad damina ɗaya, sai ka haska ka ga fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashi, kuma in ta ci rufin gilashin babu mai gyarawa. Nemi akwatin busarwa ka tsayar da danshinsa tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. In kuɗi bai kai ba, robar abinci mai murfi gam da ƙullin silika ta wadatar, ka riƙa busar da silikar. Da hunturu kuma ƙura ce: wannan kyamara ba ta da madubi, kana cire lensi sensa na waje. Kashe ta, kifa bakinta ƙasa, canza da sauri, kuma da abin hura iska kaɗai za ka kusanci sensar, ba bakin riga ba.

In na hannu za ka saya, kada ka biya a kan hoton WhatsApp. Riƙe shi da kanka, buɗe shi har ƙarshe, haska fitilar waya ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Hazo ko zare-zare kuwa, mayar masa da kayansa. In ka samu wanda ya kwanta maka, kawo shi shago bayan la'asar mu ɗora shi a kan ƙafa uku mu gwada kusurwoyinsa kafin ka cika kuɗin.